Wa zai dawo da ɗan Chadi gida idan an yashe shi a jirgin ruwa?

Chadi ba ta da teku, amma kaso mai yawa na abin da ake saye a kasuwannin N'Djamena ya ratsa teku kafin ya iso. Shinkafa da sukari da kayan gini daga tashar Douala suke tasowa, su biyo ta Ngaoundéré zuwa Kousseri, su haye gadar Ngueli. Ɗanyen manmu kuwa tun 2003 yake bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa gaɓar Kribi. Matasanmu da na Nijar da arewacin Najeriya da Kamaru ma kan gangara Douala da Kwatano da Lome da Legas neman abin yi, wasu har su sami gurbi a cikin jirgi. To idan mai jirgi ya daina biyan albashi ya ɓace, wa zai dawo da su?

Dokar da ke magana kan wannan ita ce yarjejeniyar ƙwadagon teku da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da ita a 2006, ta fara aiki ranar 20 ga Agusta 2013. Ta ce ma'aikacin jirgi na da haƙƙin a mayar da shi gida ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma kada zamansa a jirgi ya kai wata 12 bai sami wannan haƙƙi ba. Gyaran da ya fara aiki a watan Janairun 2017 ya wajabta wa mai jirgi ya ajiye inshora, ya liƙa takardarta inda ma'aikata za su gani. Da zarar an yi wata biyu ba albashi, ko an bar mutane ba abinci ba magani, ana ɗaukar an yashe su, kuma inshorar ce za ta biya kuɗin tafiya da bashin albashi har na wata huɗu. Wani gyaran na Disamban 2020 ya ce albashi zai ci gaba da tafiya ko da 'yan fashin teku sun kama mutum, abin da ya shafi mashigin tekun Guinea kai tsaye.

A aikace kuwa komai ya rataya ne a kan tutar da jirgi ke ɗauke da ita. Ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ke da alhakin tilasta dokar, kuma a nan ne yankunan ƙetare suke shigowa. Jiragen kasuwanci da yawa na ɗauke da tutar Bamuda ko Jibraltar ko tsibiran Cayman, waɗanda ke ƙarƙashin Birtaniya amma kowanne da majalisarsa. Sa hannun London a 2013 bai wadatar ba, sai da aka miƙa yarjejeniyar ga kowane yanki a kansa, shi kuma ya zuba ta cikin dokokinsa. Haka lamarin yake tsakanin Faransa da Sabuwar Kaledoniya, da kuma Holand da Curaçao. Saboda haka jin cewa jirgi "na Turawa ne" ba ya gaya wa ma'aikaci kotun da zai kai ƙara.

Mai jirgi kan zauna a wata ƙasa, ya yi rajista a wata, ya ɗauki ma'aikata ta hannun dillali a wata ta uku. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, ta ƙirga jirage 312 da aka yasar a 2024, da mutane fiye da 3,000 a cikinsu. Mohammed Aisha, ɗan Siriya, ya shafe kusan shekara huɗu a jirgin MV Aman kusa da Suez kafin a sallame shi a watan Afrilun 2021. Jirgin Rhosus mai tutar Moldova, wanda kayansa suka tarwatsa tashar Beirut ranar 4 ga Agusta 2020, shi ma yasasshe ne tun 2013, kuma wasu ma'aikatansa sun yi watanni a maƙale a ciki.

Ɗan ƙasar da ba ta da teku ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Yarjejeniyar ta ce idan mai jirgi ya gaza, ƙasar tuta ce za ta mayar da mutum gida. Idan ita ma ta gaza, ƙasar da jirgin ke tsaye ko ƙasar ma'aikacin na iya yin hakan, sannan ta nemi kuɗinta daga ƙasar tuta. Wannan mataki na ƙarshe yana buƙatar gwamnatin da ta san ɗanta yana can, da ofishin jakadanci a kusa. Ɗan Najeriya na da hukumar NIMASA, kuma ƙasarsa ta amince da yarjejeniyar tun 2013. Wanda ya fita daga Mongo ko Damagaram ta hannun dillali, ba rajista a ko'ina, da wuya wani ya san ya ɓata.

Akwai kuma wani giɓi: yarjejeniyar ba ta shafi jiragen kamun kifi da kwale-kwalen gargajiya ba, alhali su ne ƙofar da ta fi sauƙi ga wanda bai yi karatun teku ba. Masunta na da tasu yarjejeniyar ta 2007, wadda ƙasashe kaɗan suka amince da ita.

Abin da ya rage ga N'Djamena da Yamai shi ne su buɗe rajistar 'yan ƙasa masu aiki a teku, su ɗora wa jami'ansu da ke Douala da Kwatano alhakin bibiyarsu. Wanda kuma aka yi wa tayin aiki, ya tambayi tutar jirgin da lambarsa ta IMO, ya karɓi kwangila a rubuce, ya ɗauki hoton takardar inshora ya aika wa 'yan'uwansa. Dillalin da ya nemi kuɗin samar da aiki ya riga ya saɓa wa yarjejeniyar, kuma wannan alama ta isa mutum ya ja da baya.