Numfashin Malami Da Dala Ake Sayensa

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wata cuta da muka daɗe muna yi wa dariya a wajen kwas, da wajen aikin zaɓe, da duk inda aka tara mu kwana a ɗaki ɗaya. Idan wani ya yi minshari har ya hana jama'a runtsawa, da safe sai a sa shi gaba da tsokana, a ce ya kwana yana tayar da janareta, a sha dariya a watse. Ina so in ɓata wannan dariya, domin a cikin masu minsharin nan akwai waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa ɗungurungum cikin barci, sau barkatai a dare guda, kuma maganin da likita zai rubuta musu ya fi ƙarfin albashin malamin firamare nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki. A wajen wasu mutane sakin yakan yi yawa har hanyar iska ta toshe, ƙirji yana ja amma iska ba ta shiga. Sai iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta farkar da shi na ɗan lokaci, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Wanda abin ke samunsa sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya, nasa da sauƙi. Wanda ya kai sau 30 ko fiye a awa, nasa ya tsananta. Ku lissafa da kanku: sau 30 a awa, cikin barcin awa shida, sau 180 ke nan ana shaƙe bawan Allah kafin asuba. Ya kwana a shimfiɗa, amma bai yi barci ba.

Irin wannan mutum ne ke tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya shiga aji mai yara masu yawan gaske, ƙarfe goma sha ɗaya na safe gyangyaɗi ya kama shi da alli a hannu. Idan jami'in duba makarantu ya yi dirar mikiya ya same shi a haka, takardar tuhuma ce za ta biyo baya, a rubuta masa lalaci da sakaci. Na san wani abokin aiki da aka yi wa haka har sau biyu kafin likita ya gano abin da ke damunsa. Ba wanda ya janye takardun daga fayil ɗinsa. Wannan kuwa shi ne ƙaramin sharrin cutar. An tabbatar tana da alaƙa da hawan jini, musamman irin wanda ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Sannan a tuna yawancinmu a kan babur muke zuwa aiki. Malamin da barci ke fizga a kan titin Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, motocin dabbobi na ta kai da komo, ba sai an gaya wa kowa abin da zai iya faruwa ba.

Kada a ce cutar mutum biyu ce ko uku. Wani nazari da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet mai kula da cututtukan numfashi a 2019 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani, kuma ya sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Kamfanin ResMed, wanda ke sayar da na'urorin maganin, shi ya ɗauki nauyin nazarin. Mai kaya ba ya rena yawan masu buƙatar kayansa. To, a raba adadin biyu ma idan ana so, abin da ya rage ya isa ya hana mai hankali barci.

Abin takaicin shi ne maganin ba wani sihiri ba ne. Wani likita a Sidni ta ƙasar Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya bayyana dabarar a 1981: 'yar na'ura mai hura iska a hankali ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke manne a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Ana kiranta sifaf. Fanka ce, da mesa, da roba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da ƙirƙiro ta, amma har yau kuɗinta a wajenmu kamar na sayen fili.

Bari mu yi lissafi irin na aji shida. A kasuwar Amurka ana sayar da na'urar tsakanin dala 500 da dala 1,000 ko sama, takunkumi ɗaya kuma yakan kai dala 100. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wato takunkumin dala 100 naira 46,000 ne. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, takunkumin nan dai ya koma naira 150,000, ban da kuɗin jirgi da ribar dillali. Mafi ƙarancin albashi a da naira 30,000 ne. A watan Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000. Da can takunkumi albashin wata ɗaya da rabi ne, a 2024 ya zarce na wata biyu. An ƙara mana albashi, takunkumi kuma ya ƙara nisa da mu. Ita kuwa na'urar, a farashin dala na 2024 mafi arahar ta naira 750,000 ce, albashin wata goma da 'yan kai ga wanda ke matakin ƙasa, in har shi da iyalinsa ba za su ci ba ba za su sha ba.

Da sayen na'urar shi ne ƙarshen magana, da sai a sayar da rago da 'yan buhunan riɗi a yi ta ta ƙare. Amma wanda ya sayi doki bai gama da mai harawa ba. Robar da ke manne wa fuska tana laushi ta fara sakin iska, maɗaurin kai yana saki, mesa tana tsagewa, matatar ƙura tana toshewa. Inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ta yarda a sauya takunkumi da mesa duk wata uku, maɗauri duk wata shida, matata kuwa guda biyu a wata. Can ne fa, inda babu hunturu irin namu. A nan Gagarawa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke sauka a kan tebur cikin yini ɗaya ta isa a rubuta darasi a kanta da yatsa; matatar da aka yi domin ɗakin Bature kwana nawa za ta yi? Ko da mutum ya yi tsimi ya sauya takunkumi sau biyu kacal a shekara, naira 300,000 ta tafi a farashin dala na 2024. Kamfanonin kuma sun yi wayo: robar wannan samfuri ba ta shiga gidan wancan, matatar wannan na'ura ba ta zama a waccan. Duk wanda ka fara da shi ya sa maka linzami, kuma ba a shagon magani na Gumel za ka samu kayan ba, sai ka biya kuɗin mota zuwa Kano ko ka aika Legas.

Sai batun wuta. Na'urar ba ta cin wuta fiye da fankar tsaye idan ba a kunna abin ɗumama ruwanta ba, amma tana so wutar ta kwana. Wa ke da wannan tabbaci a Gagarawa ko Sule Tankarkar? Janareta har asuba, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ya zama almara. Saura batir da faranti na sola, wani kuɗin daban.

Wanda ya rasa sabuwa sai ya nemi ta gwanjo, kuma a nan ne nake jin tsoro. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa na numfashi, saboda soson da aka sa domin rage ƙara yana iya ruɓewa ya marmashe mai barci ya shaƙe shi, kuma zafi da laima suna hanzarta ruɓewar. A ƙasashen da ke da rajistar masu amfani da su, an bi mutane da wasiƙa. Wanda ya sayi tasa a hannun dillali, ba rasit ba suna, wa zai rubuto masa? Duk wanda ke da ta gwanjo ya kai wa likita ya duba samfurinta tun yau.

Ina gwamnati a cikin wannan? A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa a Najeriya, masu asma suka ga kuɗin abin shaƙarsu ya ninka ya sake ninkawa. Da ihu ya yi yawa, a watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga injuna da ɗanyun kayan da masana'antun magunguna na cikin gida ke shigowa da su. Madalla da wannan. Sai dai sauƙin na mai masana'anta ne. Mai sayen takunkumin da aka gama ƙerawa a waje, da dala, bai ga komai a ƙasa ba. A watan Mayun 2022 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, mu a Jigawa muna da hukumar JICHMA. Duk da haka sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fita. Kowace inshora tana da jerin abin da take biya da wanda ta ware. Malami nawa ne a reshen nan ya taɓa riƙe wannan jeri a hannunsa? Ya kamata a buga shi da Hausa a manna a kowace makaranta, kuma a rubuta gwajin barci da na'urar hura iska da kayan sauyinta ɓaro-ɓaro a cikin abin da ake biya, ko da rabi ne.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: ana fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa, kai kana maganar na'urar masu ƙiba da masu kuɗi. Ban rena zazzaɓi ba, ya ɗauke mana ɗalibai. Amma cutar nan ba ta duba aljihu, kuma siriri ma yana kamuwa idan haɓarsa ƙarama ce ko maƙogwaronsa matsattse. Sannan mai wannan magana bai iya lissafi ba. Malamin da aka bari har ɓarin jikinsa ya shanye, kuɗin gadon asibiti da magani da gashin ƙashi, da ajin da zai zauna ba malami, da matar da za ta bar sana'arta ta yi jinya, duk sun ninka kuɗin takunkumi. Ana biyan kuɗin ko an ƙi ko an so. Abin da ake zaɓa kawai shi ne a biya shi mutum yana tsaye ko yana kwance.

Haka kuma kada a ce ba za a iya ƙera irin wannan a gida ba. Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2023 saboda na'urorin taimakon numfashi na jarirai masu aiki da hasken rana. Ta jarirai daban ce da ta manya, amma ƙasar da ɗanta ya yi wannan ba za ta gagara zuba robar hanci ba. Ga yankin masana'antu na Maigatari nan a bayan gidanmu.

Yanzu in juyo gida, domin mu ma da namu. Ƙungiyarmu ta iya ta'aziyya. Idan malami ya rasu, kafin sadakar uku an yi karo-karo, an ɗauki mota, an kai ambulan. Ba na kushe wannan, zumunci ne. Amma me ya sa hannunmu ke saurin shiga aljihu idan mutum ya tafi, ya yi nauyi lokacin da yake neman abin da zai riƙe shi? Ƙungiyoyin adashi da na gama-kai da muke da su suna ba da bashin babur, da shinkafar azumi, da ragon layya, a cire a albashi wata-wata. Ba abin da ya hana a sa na'ura da batirinta a wannan layi. Idan rassan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suka haɗa sunayen masu buƙata suka sayi kayan sauyi a dunƙule, farashin sari ba ɗaya yake da na ɗai-ɗai ba, kuma mota ɗaya za a biya.

Ku kuma iyalan malamai, musamman matan gida, ku ne kuke ganin abin da mai barci ba ya gani. Idan maigida yana minshari sai ya yi shiru ƙirji na motsi, can ya zabura da gurnani, kada kunya ta hana a faɗa masa. Mata ma suna kamuwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Akwai tambayoyi takwas da likitocin Toronto ta ƙasar Kanada suka tsara domin tantancewar farko: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ganin ɗaukewar numfashi, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya fiye da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya haɗa uku ya nemi likita. Rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin sigari da ƙwayar barci duk suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin na'ura ga wanda nasa ya tsananta, kuma askar wanzami a kan beli ba ta warkar da shi.

Wannan tantancewa ba ta buƙatar komai sai ma'aikacin jinya ɗaya, da awon jini, da sikeli, da tef irin na tela. Na miƙa wa sakataren reshe buƙata a rubuce cewa a gayyato ma'aikacin a taronmu na gaba, a auna kowa kafin a buɗe ajanda, sannan a ɗauki adadin da aka samu a kai wa shugabannin ƙungiya na jiha a Dutse, su ajiye shi a teburin hukumar inshora.