AIKIN GANDUN DAJI: A SHIGA TA ƘOFAR JARRABAWA, BA TA ZAUREN MANYA BA

A watan Mayu na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai, don su ƙwato dazuzzukan ƙasar nan daga hannun ɓarayi da 'yan ta'adda. Ba mai hankalin da zai ƙi wannan, balle mutumin Arewa mazaunin Ikko wanda ya shekara biyu ko uku bai yi sallah a garinsu ba saboda tsoron hanya. Amma akwai tambayar da ta fi ta bindiga nauyi, watau su wane ne za su shugabanci aikin daji, kuma ta wace ƙofa za su shiga?

Kada wani ya ce ina ruwan mai zaman Agege ko Ojo da gandun daji. Ragon da ake cinikinsa a Alaba Rago a dajin Arewa ya yi kiwo, saniyar da ake saukewa daga tirela kuwa burtali ta bi kafin ta hau mota. Da Rugu a Katsina, da Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, da Falgore a Kano, da Sambisa a Borno, dukansu wurare ne da hukuma ta keɓe, ta shata musu iyaka, ta sa musu ma'aikata. Da ma'aikatan suka ƙaranta, sai waɗansu suka maye gurbinsu. In an sace mutum a ƙauye, sau da yawa ɗan'uwansa da ke dako ko acaba ko sayar da goro a Kurmi shi ake fara bugo wa waya ya haɗo kuɗin fansa. Har ila yau, a tashoshin jiragen ruwa na Ikkon nan aka yi ta lodin gumaguman madobiya da aka saro daga Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, sai da hukumar duniya mai lura da cinikin itatuwa da namun daji, CITES, ta dakatar da cinikin wannan icce daga Nijeriya a 2018. Ba aljanu ne suka sa hannu a takardun izinin ba.

Jami'in gandun daji ba ɗan gadi ba ne. Mutum ne da ya karanci ƙasa da ruwa da itace, ya san yadda ake auna daji a zana taswirarsa, ya san adadin da za a sara ba tare da an kashe dajin ba, ya san inda za a kafa garkuwar itatuwa don tare hamada, ya kuma san dokar da zai kai mai ɓarna kotu da ita. Turawan mulki, duk da cewa katako da roba suke nema wa ƙasarsu, ba su ɗauki aikin da wasa ba. A 1903 suka ɗauko H. N. Thompson daga aikin daji na ƙasar Bama, a 1916 aka yi dokar gandun daji a zamanin Lugga. An buɗe makarantar koyon aikin a Badun a 1941, ta Arewa a Jos a 1958, Jami'ar Badun kuma ta kafa sashen ilmin daji a 1963. A zamanin En'e kowace gunduma ta san malamin dajinta.

Bayan haka sai kuɗin mai ya zo, gwamnatoci suka mai da daji wurin yanka rasit kawai. Aka riƙa rabon gandu ga masu hannu da shuni da sunan gona, tsofaffin ma'aikata suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu, 'yan guraben da ke fitowa kuwa a zauren manya ake raba su kafin talaka ya ji labari. Inda abin ya kai, a watan Maris na 2021 ɓarayin daji suka shiga Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Daji da ke Afaka, a gefen Kaduna, suka kwashe ɗalibai 39, sai a watan Mayu aka sako na ƙarshensu. Watau waɗanda ake koya wa tsaron daji su ne aka kora cikin dajin kamar awaki. Galibin gandun daji na jihohi ne, don haka wannan abin kunya na gwamnoni ne, ko daga wace jam'iyya suka fito, har da wadda wannan jarida ke magana da yawunta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana wajen ɗaukan ma'aikata. Wanda ya sayi kujerarsa da kuɗi dole ya sayar da daji ya mai da uwar kuɗinsa. Wanda wani babba ya ɗora da 'yar takarda ba zai iya tsai da motar gawayin wannan babban ba, domin ba a cizon hannun da ya ba da tuwo. Wanda ya zauna jarrabawa a fili ya doke ɗaruruwa, shi kaɗai ne ba wanda ke binsa bashi. Ƙasar Indiya, inda Thompson ya samo tarbiyyar aikinsa, ta kafa rundunar manyan jami'an daji ta ƙasa baki ɗaya a 1966. Hukuma guda ce ke shirya jarrabawar kowace shekara, a tace, a sake rubutawa, a yi ganawa ido da ido, a gwada ƙarfin tafiya a ƙasa, sannan a tura waɗanda suka ci zuwa Dehradun su sami horo. Ba a ce Indiya ta rabu da cin hanci ba, amma ɗan manomi a can ya san ranar jarrabawa, ya kuma san inda zai duba sunansa.

Akwai waɗanda ke raɗa wa jama'a cewa jarrabawa tarko ce da za ta cuci Arewa, gara a bar wa wakilai su kai sunaye. Wannan magana ta masu cin moriyar duhu ce. Tun tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, a 1996 kuma aka kafa mata hukuma. Ƙa'idar ita ke faɗin yawan guraben da Katsina ko Sakkwato za ta samu a aikin tarayya. Jarrabawa kuwa ita ke faɗin wane Bakatsine ne zai shiga gurbin Katsina. In an soke ta, ba ɗan Ijabu aka hana ba, ɗan mai sayar da goro a Agege aka hana, aka ba ɗan kwamishina. A aikin jiha ma galibi 'yan jihar ne ke gasa da junansu.

To, amma laifin bai tsaya ga hukuma ba. Jami'ar Jihar Legas, wadda aka kafa a 1983, tana nan Ojo, ba nisa da Alaba Rago, duk da haka akwai uban da ke juya miliyoyi a cinikin dabbobi amma ya cire yaro daga sakandare ya ba shi igiyar rago. Ranar da aka buɗe ƙofar jarrabawa, wa zai tura? Hanyar kuwa ba ɓoyayyiya ba ce. Yaro ya sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kimistiri da ilmin halittu ko na noma, ya rubuta JAMB, ya nemi kwalejin Jos ko Afaka ko Badun, ko ta namun daji da ke New Bussa, ya yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, in ya ƙara biyu ya sami babba. Mai son digiri akwai sashen daji a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, karatun shekara biyar, daga nan sai hidimar ƙasa, a fara aiki a mataki na 8. Abin da ke kayar da 'ya'yan zango shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Agege ba a lissafa shi ɗan Legas wajen ɗaukan aiki, a garin ubansa kuma ba a san fuskarsa ba. Uba mai hangen nesa tun yaro na aji uku zai kai shi gida, dagaci da hakimi su san shi, a karɓo takardar a adana.

Dattawa da yawa ba su ƙaunar malamin daji, kuma suna da hujja, domin sun tuna mai kakin da ke cin talaka tara a kan reshen gawo guda, ya kau da kai daga motar attajiri. A ƙasar Maraɗi ma sai da manoma suka tabbata cewa iccen da suka raina a gonarsu nasu ne, ba na ma'aikacin daji ba, sannan suka bar kututture ya tofo, daga wajen 1983, har miliyoyin hekta suka farfaɗo a kudancin Nijar. Jami'in da ya yi karatu ya san wannan darasi. Wanda aka ɗora don ya tara wa ubangidansa kuɗi ba ruwansa da shi.

Saboda haka ya wajaba hukumomin ɗaukan ma'aikata na jihohin Arewa da ta tarayya su riƙa shelar kowane gurbin aikin daji a rediyo da jaridu, da Hausa da Turanci, wata guda kafin rufewa, su buɗe wurin zana jarrabawa a Ikko domin 'ya'yan mazauna Kurmi, su kuma liƙa sunayen waɗanda suka ci tare da makinsu da ƙaramar hukumarsu. Sarakunan Hausawa na Agege da Ojo da Idi-Araba da shugabannin kasuwanni, waɗanda 'yan takara ke layi a ƙofarsu duk lokacin zaɓe, su sa wannan cikin sharuɗɗan da za su gindaya, su kuma ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don biya wa yaran zango kuɗin WAEC da JAMB.