Harajin Kwabo Uku Da Ya Raba Ingila Da Amurka

Sau da yawa akan ji ana cewa nauyin haraji ne ya sa mutanen Amurka suka yi wa Ingila tawaye. Wannan magana tana bukatar gyara, domin kuwa a wancan zamani mutumin Boston ba ya biyan ko kusa da abin da ɗan'uwansa na Landan yake biya. Abin da ya haddasa rigimar shi ne batun wanda ke da ikon ɗora harajin, da kuma irin amsar da hukuma ta riƙa bai wa koke-koken jama'a har shekara 12.

A shekarar 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa. Ta yi nasara, amma bashin da ke kanta ya haura fam miliyan 120, ga kuma soja wajen 10,000 da ta ƙudura ajiyewa a Amurka. Firayim Minista George Grenville ya ga ya kamata yankuna 13 na mulkin mallaka su ɗauki wani kaso na ɗawainiyar, kuma a gaskiya hujjarsa ba ta banza ba ce. A 1764 ma rage kuɗin fito ya yi a kan ruwan rake da ake shigowa da shi, daga sisi zuwa taro a kowane galan. Sai dai da can ba mai biyan sisin, fasa-ƙwauri ake yi. Yanzu kuwa aka ce lalle a biya, wanda aka kama kuma ana iya kai shi kotun jiragen ruwa, inda alƙali shi kaɗai ke yanke hukunci ba tare da mutanen gari sun zauna sun saurari shari'ar ba.

Babban kuskuren ya zo a 1765, da dokar kan sarki. Aka ce takardun kotu, da na ciniki, da jaridu, har da karta, sai an buga musu hatimin haraji. Da wannan doka guda gwamnati ta taɓa aljihun lauyoyi da 'yan kasuwa da masu buga jarida, wato ainihin mutanen da suka iya magana da rubutu. Suka ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar dokoki ta Landan, saboda haka majalisunsu na gida ne kaɗai ke da ikon taɓa dukiyarsu. Landan ta amsa da cewa ai biranen Manchester da Birmingham ma ba su da kujera tasu, amma majalisa tana wakiltar kowa. Wannan amsa ba ta gamsar da mutanen da teku ta raba da majalisar ba.

A Boston aka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, ma'aikacin da aka naɗa ya sayar da kan sarkin, har ya ajiye aikin. Wakilan yankuna 9 suka taru a Niyu Yok, aka kuma ƙaurace wa kayan Ingila. Da 'yan kasuwar Landan suka ji a jikinsu, sai aka soke dokar a watan Maris 1766. Amma a ranar aka kafa wata, wadda ta ce majalisa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

A 1767 aka dawo da haraji a kan gilashi da dalma da fenti da takarda da ganyen shayi, da nufin biyan albashin gwamnoni da alƙalai daga ciki. Duk ma'aikacin gwamnati ya san ma'anar wannan. A yawancin yankunan majalisun gida ne ke biyan gwamna, don haka dole ya saurare su. In albashinsa ya koma hannun Landan, linzamin ya kuɓuce musu. Aka kai soja Boston a 1768, kuma a ranar 5 ga Maris 1770 suka harbe mutum 5, cikinsu har da Crispus Attucks, mai jinin Afirka. A shekarar aka janye harajin duka, ban da kwabo uku a kowace laba ta shayi, wanda aka bari don kawai a nuna iko.

Dokar 1773 ta sa shayin kamfanin East India ya yi araha, amma jama'a suka ga tarko ne, domin wanda ya saya ya yarda da harajin ke nan. A daren 16 ga Disamba aka zubar da akwati 342 cikin teku a Boston. Maimakon a hukunta masu laifin, sai aka hukunta gari gaba ɗaya: aka rufe tashar jiragen ruwa, aka tauye mulkin kai na yankin Masacusets, aka naɗa Janar Thomas Gage gwamna. Wannan ne ya haɗa kan yankunan da a da ba su cika jituwa ba, har 12 daga cikinsu suka hallara a Filadelfiya a 1774.

Ko bayan an fara harbe-harbe a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu 1775, wakilan sun sake aika wa Sarki Joji na Uku takardar neman sulhu, ya ƙi karɓa. Ranar 4 ga Yuli 1776 suka shelanta 'yancin kai, 'yancin da bai shafi bayi wajen rabin miliyan da ke hannunsu ba. A 1778 majalisar Landan ta ce ta daina ɗora musu harajin tara kuɗin shiga, amma ihu ne bayan hari, domin Faransa ta riga ta ƙulla ƙawance da su. Sojan Ingila suka miƙa wuya a Yorktown a 1781, aka sa hannu a kan sulhu a Faris a 1783.

Haraji kuwa bai ƙare ba. A 1791 sabuwar gwamnatin Amurka ta ɗora shi a kan barasa, kuma da manoman yammacin Pensilbaniya suka yi bore a 1794, Shugaba George Washington ya tara dakaru wajen 13,000 a kansu. Boren ya watse ba tare da an gwabza ba, domin sauran ƙasa ba ta bi su ba: wannan karon wakilan da aka zaɓa ne suka yi dokar.