Bayan ma'aikatan bogi, saura lasisin bogi

Tun da aka fara tsarin biyan albashi na IPPIS a shekarar 2007, ma'aikacin tarayya ya san ma'anar ma'aikacin bogi: suna a takardar albashi, babu mutum a kujera. Akwai ɗan'uwansa da ba a cika magana a kansa ba, wato lasisin manhaja da ake biya wa wanda ya daɗe da barin aiki.

Manhajoji irin su Microsoft 365 ana biyan kuɗinsu ne bisa yawan mutanen da aka saya wa lasisi. Babbar yarjejeniyar kamfanin da hukumomi kan ɗauki shekara 3, kuma kowace shekara akan daidaita lissafi. Matsalar tana faruwa ne ranar sabuntawa, lokacin da ake kwafo adadin da ke tsohuwar takarda zuwa sabuwa ba tare da an ƙirga kowa ba.

A ɗauki misalin ofishin tarayya a Minna. Cikin shekara 3 wani ya yi ritaya ya koma gidansa a Shango, wani an mayar da shi Abuja, wani kuma rai ya yi halinsa. Idan ba a janye lasisinsu ba, gwamnati na ci gaba da biya, alhali sabon ma'aikaci na aika wasiƙar aiki da imel ɗinsa na kansa saboda an ce masa lasisi ya ƙare. Asusun da aka bari a buɗe kuma ƙofa ce ga masu kutse, ga shi Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan jama'a a kan hukumar da ke riƙe da su.

Nauyin ya ƙaru tun watan Yunin 2023 da aka saki naira. Dalar da ake samu a hukumance kan kusan N460 ta haura N1,500 a farkon 2024, kuma farashin waɗannan manhajoji dala yake bi.

Hukumar BPP na duba yadda aka ba da kwangila, NITDA na tantance ayyukan fasahar sadarwa kafin a fara su. Ƙirga kawuna bayan sa hannu kuwa aikin ofishin da ya sayi lasisin ne.

Aikin ba shi da wuya. Cikin makon farko bayan sabuntawa, a zaunar da jami'in sashen kwamfuta da na sashen ma'aikata da akanta a tebur guda, a gwada adadi uku: wanda ke cikin yarjejeniya, wanda shafin kula da manhajar ya nuna an raba, da sunayen waɗanda ke bakin aiki a yau. Duk inda suka saɓa, a rubuta wa dillalin nan take, domin da wuya a amince a rage adadi a tsakiyar wa'adi.

Babban sakatare ko daraktan da aka miƙa wa takardar biyan kuɗin ya dace ya nemi ganin wannan ƙidaya kafin ya ɗora biro a kanta.