Sayar da Lambar NIN: Ina Matsayin Shari'a?

A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa wasu matasa na sayen lambobin NIN da BVN daga hannun jama'a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusun damfara da su. Babu shakka talauci ke ingiza mutane, amma bai halatta wannan ciniki ba. Malaman Malikiyya sun hana sayar da makami ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi, lambar nan kuwa makami ce. Ranar da asiri ya tonu, mai sunan za a fara nema. Ɗalibai musamman, kada ku karanta wa mai kira da sunan tallafi lambar sirrin da banki ya turo muku. Ma'aikacin banki ba ya tambayarta.