Likitan da ke bin sawun aikin hannunsa: darasin tiyatar sankarar fata daga Ostireliya

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2023, kowane likita mai lasisi a Ostireliya sai ya yi sa'o'i 50 na ƙarin ilimi a shekara. Sharaɗin ƙarin ilimi tsohon abu ne a aikin likita, kuma ƙasashe da yawa suna da irinsa. Abin da ya ja hankali shi ne yadda hukumar likitocin ƙasar ta raba sa'o'in. Aƙalla 12 da rabi na karatu da halartar lacca ne. Aƙalla 25, wato rabin duka, na komawa ne likita ya duba aikinsa, ya kuma auna abin da ya haifar a jikin marasa lafiya. Ragowar ya raba su yadda ya ga ya dace.

Wannan ya shafe ku, ko da ba ku taɓa tunanin zuwa Ostireliya ba. Duk wanda aka taɓa yanke wa ƙari ko tsiro a fata, ko yake jinyar wanda za a yi wa, yana da tambaya ɗaya a zuciya: an cire shi duka? Amsar tana ɗakin gwaji, kuma tsarin na Ostireliya ya nuna abin da ke faruwa idan likita ya mai da neman wannan amsa al'adarsa.

Me ya sa sankarar fata?

Ostireliya da maƙwabciyarta Niyuzilan su ne kan gaba a duniya wajen yawan melanoma, wadda ita ce mafi haɗari cikin sankarorin fata da aka fi sani. Yawancin mutanen ƙasar farar fata ne, ga rana mai ƙarfi. An ƙiyasta cewa kusan mutum biyu cikin uku a can za su gamu da wani nau'in sankarar fata a rayuwarsu, kuma tana kashe wajen mutum 2,000 a shekara. Ƙwararrun likitocin fata ba za su iya ɗaukar wannan kaya su kaɗai ba, don haka likitocin iyali ne ke yanke da yawa daga cikin waɗannan tsiro a ƙananan asibitocinsu, da allurar kashe zafi, mutum ya tashi ya koma gida a ranar.

Idan dubban likitoci suna aiki iri ɗaya, kowa a ɗakinsa, babu mai kallon hannunsa, dole a sami hanyar sanin wa ke yi daidai. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce rumbun bayanai na intanet mai suna SCARD, wanda Farfesa Cliff Rosendahl, likitan iyali a jihar Kwinsland, yana cikin waɗanda suka assasa. Likita yana shigar da kowane aikin da ya yi, sannan ya ga alƙalumansa a gefen na sauran abokan aikinsa ba tare da sunayensu ba. A Birtaniya ma, lokacin da hukumar NICE ta sabunta ƙa'idarta a 2010 kan likitocin iyali masu cire sankarar fata marar tsananin haɗari, ta haɗa da sharaɗin su riƙa bitar sakamakon aikinsu.

Abin da ake rubutawa

Bitar ba ta da wuyar fahimta. A kan kowane marar lafiya, likita yana rubuta inda tsiron yake a jiki, da abin da ya zata kafin ya yanka, da abin da ɗakin gwaji ya ce daga baya. Daga nan tambayoyi uku ke fitowa.

Ta farko: zaton ya yi daidai? Ana ƙirga tawadar Allah ko tabo nawa likita ya yanke bisa zargin melanoma kafin ya dace da guda ɗaya ta gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2012 daga bayanan SCARD ya gano cewa likitocin iyali na gama-gari kan yanke wajen 17 kafin su sami melanoma ɗaya, waɗanda suka maida hankali kan sankarar fata kuwa ƙasa da 10. Masu yawan amfani da damatoskof, wani ɗan madubi mai fitila da ake ɗorawa a kan fata, su ma sun fi dacewa. Ma'anar wannan ga marar lafiya ita ce raguwar yanka da ɗinki da tabon da babu buƙatarsu.

Ta biyu: an cire duka? Sankara takan bazu a cikin fata fiye da inda ido ke gani. Shi ya sa likita ke haɗawa da lafiyayyar fata a kewaye, kamar yadda mai yanke ruɓa a jikin doya ke shiga ɗan ɓangaren da bai lalace ba. Ga ƙaramar sankarar basal, wadda ba ta cika yaɗuwa ba, akan bar tazarar milimita 4. Ga ta sukwamas, milimita 4 zuwa 6, ko fiye idan mai haɗari ce. Melanoma kuwa zurfinta ne ke yanke hukunci: wadda ba ta wuce milimita 1 ba ana ba ta santimita 1, wadda ta wuce milimita 2 ana ba ta santimita 2. Likitan ɗakin gwaji yana duba gefunan naman a madubin likita. Idan ya ga ƙwayoyin sankara har bakin inda aka yanka, to akwai yiwuwar an bar saura a jiki, kuma sau da yawa sai an sake aiki. Wannan ya fi faruwa a hanci da kunne da kewayen ido, inda fata ba ta da yalwa kuma likita ke tsoron ɓata fuska.

Ta uku: me ya biyo baya? Ciwon ya yi ruwa, ko ya yi jini, ko ɗinkin ya warware? Tsiron ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu?

Likitan da ya tara aiki 100 ya duba su gaba ɗaya zai ga abin da ba zai taɓa gani ba idan ɗaya-ɗaya yake kallo. Misali, ya lura cewa duk ayyukan da ya bar saura a kunne suke. Daga nan ya san abin yi: ko ya ƙaro horo a kan kunne, ko ya riƙa tura masu irin wannan wurin likitan gyaran fata. Babu laccar da za ta faɗa masa wannan, domin mai laccar bai san hannunsa ba.

Inda tsarin ke da rauni

Kada a ɗauka an gama magana. Wanda ke yi wa kansa maki yana iya mantawa da aikin da bai yi kyau ba, ko ya cika fom don kawai a ƙirga masa sa'o'i. Alƙaluman ma suna iya yaudara. Likitan da ke guje wa manyan ayyuka masu wuya zai fito da sakamako mai kyau fiye da wanda ke karɓarsu. Wanda kuma ya damu da kada a ce yana yawan yanka yana iya barin tabon da ya kamata a cire, alhali melanomar da ba a yanke ba ba ta fitowa a lissafinsa. Saboda haka bitar ta fi amfani idan an zauna da abokan aiki an tattauna ta, kuma idan manufarta gyara ce. In aka mai da ita bulala, mutane za su koyi ɓoye kuskure ne kawai.

Akwai kuma sharaɗin da komai ya rataya a kansa: sai kowane yankin nama ya je ɗakin gwaji, sakamakonsa kuma ya dawo hannun wanda ya yi aikin. In babu wannan, babu abin da za a yi bita a kai. A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu.

Mu fa a nan gida?

Baƙar fata tana ba da kariya daga rana, amma ba ta hana sankarar fata. Tamu ta ɗan bambanta da ta Turawa. Zabiya, saboda rashin sinadarin da ke kare fata, suna kamuwa da ta sukwamas a fuska da wuya da kunne, sau da yawa tun suna 'yan shekara 20 zuwa 30. Tsohon gyambon ƙafa ko tabon ƙuna na shekara da shekaru yana iya rikiɗewa ya zama sankara. Melanoma kuma a wurinmu ta fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Irinta ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, kuma a yatsan ƙafa ta fara.

A Najeriya hukumar MDCN tana buƙatar likita ya tara makin ƙarin ilimi kafin ya sabunta lasisinsa na shekara, kuma galibi ta halartar tarurruka da lacca ake tara su. Darasin Ostireliya shi ne a bai wa bitar aikin kai nata gurbin. Ba ta buƙatar kwamfuta. Littafin rajista mai layuka ya isa. Abin da ke kawo cikas shi ne gwajin naman. Ɗakunan da ke yin sa sun fi yawa a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuɗinsa daban yake da na tiyata, kuma sau da yawa dangi ake miƙa wa kwalbar su kai. Bayan an sha ɗawainiyar aiki, ga marar lafiya ya samu sauƙi, sai a ga kamar gwajin ɓarnar kuɗi ne. Kwalbar ta tsaya a gida, ko a binne naman. Wata shida ko shekara daga baya tsiron ya dawo ya fi da girma, ga kaluluwa a matsematsi ko hammata, alhali takarda ɗaya da ta nuna tun farko cewa an bar saura.

Rabonku a cikin aikin

Kafin a yanka, ku tambayi likita me yake zato, da ko za a kai naman gwaji, da nawa ne kuɗin, don ku haɗa shi cikin lissafi tun farko. Idan ku aka bai wa kwalbar, ku tabbata naman yana nutse cikin ruwan fomalin, da sunan marar lafiya a jiki, da takardar likita, ku kai shi ba tare da jinkiri ba. Ruwan famfo ba ya adana nama.

Idan sakamako ya fito, ku mayar wa likitan da ya yi aikin, ko da ciwon ya warke sarai. Ku tambaye shi abu uku: mene ne sunan abin da aka samu, gefunan sun fita lafiya, kuma yaushe za mu dawo a sake dubawa? Ku riƙe kwafin takardar, ku ɗauki hotonta a waya. Duk wani sabon ƙulli a kan tabon ko kusa da shi, a koma asibiti nan da nan.

Kada ku ji nauyin tambayar likita ko ya saba irin wannan aiki, musamman in a fuska ne. Likitan da ke bin sawun aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma idan ya ce zai tura ku wurin wanda ya fi shi sabawa, alamar sanin aiki ce. Haka nan, kada a bari wanzami ko mai kemis ya yanke ko ya ƙone tsiron da ke girma, ko mai zubar jini, ko ciwon da ya wuce wata guda bai warke ba. Abin da aka ƙone ko aka jefar babu wanda zai iya gwada shi.

Takardar sakamakon da kuka mayar tana yi wa marar lafiyarku amfani yau, tana kuma koya wa likitan abin da zai gyara kafin ya taɓa fatar wanda zai zo bayanku.