Kujerar da ke motsi ta fi jirgin da ba ya tashi amfani ga ɗalibanmu

Duk lokacin da wani matashi ya harhaɗa ƙarafa ya ce ya ƙera jirgin sama, jama'a kan taru, a ɗauki hoto, a yi ta yabo. Haka aka yi a Kano a 2007, sa'ad da Mubarak Muhammad Abdullahi ya ƙera helikwafta da sassan tsofaffin motoci. Ya cancanci yabon. Sai dai ni a ganina, da malaman injiniyanci na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, za su ba ɗaliban ajin ƙarshe aikin da zai amfane su, da kujerar koyon tuƙi mai motsi suka sa su ƙera. Ba ta da kwarjinin jirgi, amma ilimin da ke cikinta shi ne wanda muka fi rashi.

Kayan haɗa ta suna nan a garejin Jega. Ana ɗora kujerar mota a kan kuros ɗin furofela don ta iya karkata kowane ɓangare, a ɗaura mata injin waifa guda biyu masu aiki da batir mai bolt 12, kowanne da hannun ƙarfe da mai walda zai lanƙwasa. Wannan duk aikin yini biyu ne. Wahalar tana wajen sa injin ya san inda ya kai. Injin waifa makaho ne, in an ba shi wuta juyawa kawai yake yi. Don haka ake maƙala wa sandarsa irin makunnin nan na ƙara muryar rediyo, wanda ke sauya ƙarfin wuta gwargwadon juyinsa. Ƙaramin allon Arduino yana karanta wannan wuta a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023, ya gwada ta da lambar da kwamfuta ta aiko, ya tura injin gaba ko baya har bambancin ya ƙare, kuma yana maimaita haka sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa. In gyaran ya yi ƙarfi, kujera ta wuce inda ake so ta kama kyarma, in ya yi rauni ta yi nawa. Ɗalibin da ya kwana uku yana neman tsaka-tsakin nan ya fahimci abin da allon aji ba zai taɓa cusa masa ba.

Za a ce wasan yara ne. Haka aka ce wa Edwin Link a Amurka. A 1929 ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgi da zugazugai da sassan kayan kiɗa na masana'antar mahaifinsa, kuma da farko masu wuraren shaƙatawa ne suka fi sayenta. Sai da matuƙan soja suka yi ta halaka wajen jigilar wasiƙu a 1934 kafin rundunar ta sayi guda shida, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera sama da 10,000. Manyan na'urorin da ake horar da matuƙa da su a yau suna tsaye a kan ƙafafu shida masu miƙewa, kowace na sanar da kwamfuta tsawonta, kamar dai makunnin rediyon nan. Dabarar jikin ɗan Adam ma ɗaya ce: cikin kunne ba ya bambanta karkatawa baya da fizgar mota, shi ya sa kujerar da ba ta bar ɗaki ba take sa mutum ya ji ana gudu da shi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato me manomin Gumbin Kure ko na Maiyama zai ƙaru da shi. Ba zai hau kujerar ba, gaskiya ne, kuma ba na da'awar za ta rage haɗurra a hanyar Jega zuwa Yawuri, domin kujera mai inji biyu ba ta koyar da tuƙi na haƙiƙa. Abin da zai ƙaru da shi shi ne hannun da ya iya haɗa ta. Farantin sola mai bin rana daga hantsi zuwa la'asar, don famfon ban-ruwa ya samu wuta sosai, inji ne da ma'aunin juyi. Rumbun albasa da fankarsa ke kunna kanta in zafi da laima sun yi yawa, wannan lissafin ne, kuma duk wanda ya san Aliero ya san yadda albasa ke ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi. Masana'antun shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi cike suke da injuna masu auna kansu, kuma in sun lalace ana neman wanda ya gane yadda suke gyara kansu.

Maganar haɗari kuwa ba ta da amsa sai ƙa'ida. Injin waifa yana da ƙarfin murƙushe yatsa, kuma in wayar ma'auni ta tsinke zai yi ta juyawa ba tsayawa. Dole a sa makunnin iyaka, da maɓallin kashe wuta kusa da hannun mai zama, a fara gwaji da buhun yashi kafin mutum, kada a ƙara wa maɗoran Aliero aiki. Wannan ma darasi ne da ɗalibi ke buƙata kafin ya shiga masana'anta. Rashin wutar lantarki ba hujja ba ce, tunda batirin mota ya isa.

Shugabannin sassan injiniyanci a Aliero da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi su sa wannan aiki cikin ayyukan ajin ƙarshe na bana, su haɗa kowane rukunin ɗalibai da makaniki da mai walda daga Jega, kuma a ba da maki ne bisa yadda kujerar ke tsayawa daidai inda aka umarce ta.